Wa Za a Ba Amanar Kwamfuta? Sharhi a Kan Antibairos ta Kyauta

Tambayar da aka fi yi wa duk wanda aka san yana da ɗan sani a kan kwamfuta, musamman daga bakin ɗalibai da malaman makaranta da masu ƙananan ofisoshi waɗanda suka yi tari da kyar kafin su sayi laftof ta hannu, ita ce wace antibairos ce ta fi kyau a cikin waɗanda ake samu kyauta. Mai tambayar yakan so a ambata masa suna guda ya kama gabansa, wanda aka tambaya kuwa, don kada a ce bai sani ba, sai ya ambaci wadda ke kan tasa kwamfutar, alhali kuwa mas'alar tana da rassa, kuma jawabin da ya dace da mai sabuwar na'ura da wadatacciyar data ba lalle ne ya dace da mai tsohuwa wadda ba ta hawa intanet sai jefi-jefi ba. Abin da nake gani shi ne, a wannan zamani da manyan manhajojin kariya suka kusa yin kunnen doki wajen ƙarfin kamu, abin da ya rage a yi tarjihi da shi shi ne amana, da kuma halin da ita kanta kwamfutar take ciki.

Ya kamata a fara da sanin cutar. A shekarar 1986 wasu 'yan'uwa biyu a birnin Lahore na Pakistan, Basit da Amjad Farooq Alvi, suka rubuta bairos ɗin da ake kira Brain, wanda ake lissafa shi na farko da ya yaɗu a irin kwamfutocin da muke amfani da su a yau, kuma saboda ba su ɗauki abin a bakin babban laifi ba, har sunayensu da adireshin shagonsu da lambar wayarsu suka rubuta a cikinsa. Wancan zamani na gwada bajinta ya wuce. Masu rubuta miyagun manhajoji na yanzu fatake ne, riba suke nema: akwai wadda aikinta satar kalmomin sirri na banki da imel da Facebook, akwai wadda take kulle fayilolin mutum ta ce sai ya biya fansa, akwai wadda take laɓewa tana amfani da ƙarfin na'urarsa da wutarsa wajen haƙa wa ubangidanta kuɗin kirifto, mai kwamfuta kuwa bai san komai ba illa iyaka yana jin fanka tana kuka kuma batir ba ya riƙe caji. Cibiyar AV-TEST da ke Magdeburg a Jamus ta ce takan yi rajistar sababbin miyagun manhajoji da masu kama da su sama da 450,000 a kowace rana, wanda ko da mafi yawansu tsofaffi ne da aka sauya musu kama, adadin ya isa ya nuna cewa kariyar da aka girka bara aka manta da ita ba ta da sauran amfani a bana.

Dalilin haka yana cikin yadda antibairos take aiki. Hanyarta ta asali ita ce riƙe kundin alamomin miyagun fayilolin da aka riga aka sani, ta riƙa gwada kowane fayil da ya shigo da abin da ke cikin kundin. Daga baya aka ƙara mata lura da ɗabi'a, wato idan ta ga wata manhaja ta fara sauya ɗaruruwan takardu cikin daƙiƙa kaɗan, ko tana ƙoƙarin cusa kanta inda za ta riƙa tashi tare da kwamfuta, sai ta tsayar da ita ko da ba ta taɓa ganinta ba. Sannan a ƙarshe aka ƙara mata tambayar gida, inda take aika siffar fayil ɗin da ta yi shakka a kansa zuwa rumbun kamfaninta ta intanet, a ba ta hukunci nan take. Ta farko tana bukatar sabuntawa kullum, ta uku kuwa ba ta yiwuwa sam sai da layi a buɗe. A riƙe wannan, domin zai yi mana amfani idan muka zo kan mai ƙarancin data.

To, a nan ne batun amana ya shigo. Domin antibairos ta iya wannan aiki, wajibi ne a ba ta ikon da ba a ba kowace manhaja: tana buɗe kowane fayil, tana ganin kowane shafi da aka ziyarta, tana zaune a can cikin zuciyar Windows inda babu mai tsawata mata. Misalinta shi ne mai gadin da ba ƙofar gida kaɗai aka ba shi ba, har da mabuɗan ɗakuna da na akwatuna, sannan ya ce ba ya son albashi. Mai hankali ba zai kore shi don wannan ba, amma zai so ya san daga ina yake ci. Kamfanonin nan suna da injiniyoyi da manyan na'urori da suke kashe wa miliyoyin daloli, kuma hanyoyin da suke mayar da kuɗinsu sanannu ne. Mafi tsabta a cikinsu ita ce su ba ka ta kyauta da fatan wata rana za ka sayi ta kuɗi, kuma kwamfutarka ta zama ɗaya daga cikin miliyoyin idanun da suke hango sabuwar cuta da su. Wannan ciniki ne na halal wanda babu garari a cikinsa. Ƙasa da ita akwai naci da tsoratarwa, inda ƙaramar taga za ta riƙa fitowa a gefen allo da jan rubutu tana cewa an gano matsaloli masu yawa da ke rage wa na'urarka gudu, idan ka latsa gyara sai a nuna maka farashi. Akwai kuma cusa maka abin da ba ka nema ba a lokacin girkawa, kamar sabuwar burauza ko manhajar share-share, ta hanyar wani ɗan akwati da aka riga aka yi wa alama a ƙasan shafi, wanda mai gaggawar latsa maɓallin ci gaba ba zai lura da shi ba. Mafi muni ita ce sayar da sirrin mai amfani.

Wannan ta ƙarshe ba zato ba ne, ta faru. A watan Janairu na 2020 binciken haɗin gwiwa na mujallun Motherboard da PCMag ya bayyana cewa Avast, kamfanin birnin Prague wanda antibairos ɗinsa ta kyauta tana cikin mafi shahara a duniya, yana tattara bayanan shafukan da mutane ke ziyarta yana sayarwa ta hannun wani reshensa mai suna Jumpshot. Kamfanin ya kare kansa da cewa yana cire abin da zai nuna ko wane ne mutum kafin ya sayar, amma cikin 'yan kwanaki ya rufe reshen, kuma a watan Fabrairu na 2024 hukumar kula da cinikayya ta tarayyar Amurka ta ɗora masa biyan dala miliyan 16.5, ta kuma hana shi sayar da irin waɗannan bayanai don talla. Adalci ya sa a faɗi cewa ƙarfin Avast wajen kama bairos bai taɓa zama abin tuhuma a wannan shari'a ba, kuma kamfanin da aka kama aka hukunta yana iya fin wanda ba a taɓa bincika ba taka-tsantsan a yau. Sai dai wanda zai girka Avast ya shiga sashen sirri na saitunanta ya kashe duk abin da ya shafi raba bayanai. Ya kuma sani cewa gudu daga Avast zuwa AVG ko Avira ba ƙaura ba ce mai nisa, domin Avast ya sayi AVG a 2016, NortonLifeLock ya sayi Avira ta Jamus, sannan a 2022 NortonLifeLock da Avast suka haɗe suka zama kamfani guda mai suna Gen Digital. Sunaye huɗu ne a kasuwa, amma uban gidansu ɗaya.

Mas'alar Kaspersky ta bambanta, domin tuhumar da ake yi masa ta siyasa ce. Kamfani ne na birnin Mosko da aka kafa a 1997, kuma masana ba su yi saɓani ba a kan cewa manhajarsa tana sahun gaba wajen ƙwarewa. Gwamnatin Amurka ta hana amfani da ita a ma'aikatunta a 2017, hukumar tsaron bayanai ta Jamus ta yi gargaɗi a kanta a watan Maris na 2022 bayan ɓarkewar yaƙin Yukren, sannan a 2024 Amurka ta hana sayar da ita a ƙasar baki ɗaya, bisa hujjar cewa gwamnatin Rasha tana iya tilasta wa kamfanin ya yi mata aiki. Kamfanin ya musanta, ya kuma mayar da wani sashe na sarrafa bayanansa zuwa Zurich a Suwizalan. A ganina, ɗalibin da ke rubuta kundin digirinsa ba shi ne abin farautar wata gwamnati ba. Amma ɗan jarida, ko ma'aikacin da ke ɗauke da takardun hukuma a laftof ɗinsa, ya dace ya bar abin da ke da shubuha, kuma wannan ƙiyasi bai tsaya a kan Rasha kaɗai ba, ya hau kan kowace ƙasa da kamfani yake ƙarƙashin dokarta.

Yanzu sai mu zo kan wadda mutane da yawa suke da ita ba su sani ba. Tun daga Windows 8, wadda ta fito a 2012, kamfanin Microsoft yake saka cikakkiyar antibairos a cikin Windows, wadda a yau ake kira Microsoft Defender. A shekarunta na farko ta yi ƙaurin suna wajen rauni, kuma ta cancanci sunan, shi ya sa har yanzu za ka ji mai gyaran kwamfuta yana cewa ai wannan ba ta kama komai, bari in sa maka mai ƙarfi. Wannan magana ta tsufa. Shekaru da dama ke nan Defender tana samun maki na sama a gwaje-gwajen cibiyoyi masu zaman kansu, kafaɗa da kafaɗa da waɗanda ake saya da kuɗi, ga shi ba ta da talla, ba ta da wa'adin ƙarewa, ba ta kuma ƙara wani sabon kamfani a cikin masu ganin sirrinka, tun da Microsoft ya riga ya mallaki Windows ɗin da kake kai. Tana da wani sashe na tsare foldoji daga masu neman fansa, wanda a kashe yake zuwa sai mutum ya kunna da kansa, tana kuma da binciken da take yi bayan ta sake tayar da kwamfuta kafin Windows ta gama buɗewa, domin kama cutar da ta iya ɓuya. Ga mai Windows 11 da ke sabuntawa a kai a kai, ra'ayin da na rinjayar shi ne ya bar ta ta yi aikinta, kada ya ɗora mata kowa.

Amma tana da aibi guda wanda ya shafe mu fiye da yadda ya shafi mutanen Turai. Defender ta dogara ƙwarai da tambayar gida, kuma gwajin cibiyar AV-Comparatives ta Innsbruck a Ostiriya, wadda takan auna kamun kowace manhaja da intanet da kuma ba intanet, ya sha nuna cewa idan aka yanke layi kamunta yakan ragu fiye da na irin su Bitdefender da Avast. Wanda kwamfutarsa ke yin mako ba ta ga intanet ba, kuma kullum ana cusa mata filas daga hannu daban-daban, yana da hujjar neman wata. A nan Bitdefender ta kyauta, ta kamfanin Bukares a Romaniya, ta fi kwanta mini, saboda ƙarancin surutunta da sauƙin saitunanta, ko da yake sai an buɗe asusu da imel kafin ta yi aiki. Mai son yawan maɓallai da zaɓuɓɓuka, wanda kuma zai iya haƙuri da talla, sai ya duba Avast ko AVG bisa sharaɗin da ya gabata. Ko wacce aka ɗauka, ba ta wadatar da kai daga sabuntawa, kuma wanda ya saita layinsa a kan tsimin data ya sani cewa hakan yana iya jinkirta saukar sababbin alamomi. Microsoft yana ajiye kundin alamomin Defender a shafinsa a matsayin fayil guda, wanda za a iya saukewa a inda ake da intanet a kai wa kwamfutar da ba ta da shi.

Game da waɗannan cibiyoyi na gwaji, su ne makwafin masu tantance ruwaya a wannan fanni, kuma sakamakonsu a buɗe yake ga kowa. AV-TEST tana ba da maki shida-shida a kan abubuwa uku, wato kariya, da nauyi a kan na'ura, da rashin tuhumar fayil mai lafiya, jimla 18. A duba sakamakon watannin baya-bayan nan, kuma a duba fiye da ɗaya, domin bambancin rabin maki a zagaye guda ba hujja ba ce. Su ma akan yi ƙoƙarin yaudararsu: a 2015 manyan cibiyoyin gwaji uku suka janye shaidar da suka ba kamfanin Qihoo 360 na Sin, bayan sun gano cewa abin da ya kawo musu gwaji ba daidai yake da abin da yake raba wa jama'a ba. Shafukan da ke jera gwanaye goma na shekara kuwa, da yawansu suna karɓar la'ada a kan duk wanda ya saya ta hanyarsu, don haka shaidarsu shaidar dillali ce.

Duk wannan bayani yana tsaye ne a kan sharaɗin cewa ita kanta Windows ɗin tana da rai. Microsoft ya daina toshe ɓarakar Windows 7 a watan Janairu na 2020, ya kuma kawo ƙarshen tallafin Windows 10 na yau da kullum a ranar 14 ga Oktoba, 2025, in ban da ƙarin wa'adin shekara guda ga wanda ya yi rajista, alhali da yawa daga cikin laftof ɗin da ake shigo da su na hannu ba su cika sharuɗɗan hawa Windows 11 ba. Antibairos tana tare mugun fayil, amma ba ta ɗinke ɓarakar da ke jikin Windows. A watan Mayu na 2017 cutar WannaCry ta kulle kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, har asibitocin gwamnati a Ingila suka soke ganin dubban marasa lafiya, alhali Microsoft ya fitar da maganin wannan ɓaraka tun watan Maris, watanni biyu kafin aukuwar abin. Waɗanda abin ya ci su ne waɗanda ba su sabunta ba. Mai tsohuwar Windows, in ba shi da halin sauya na'ura, lalle ya nemi antibairos da har yanzu take karɓar irin tasa, ya kuma daina shiga banki da ita. In kuwa aikinsa bai wuce rubutu da intanet ba, Linux Mint ko Ubuntu, waɗanda su ma kyauta ne, za su fi masa aminci a kan wannan tsohon ƙarfe.

Cutar da mutanenmu suka fi sani da ido ita ce ta filas. Ɗalibi ya kai filas ɗinsa shagon buga takardu a bakin makaranta, aka cusa shi a kwamfutar da ta karɓi filas hamsin a ranar, ya dawo ɗaki ya buɗe, sai ya tarar foldojinsa duka sun koma gajerun hanyoyi, kowace da 'yar kibiya a gindinta, girmanta bai wuce kilobayit ɗaya ko biyu ba. Hankalinsa ya tashi, ya latsa ɗaya don ya ga ko babinsa na nan, kuma da wannan latsawa cutar ta shiga laftof ɗinsa. Galibi takardun ba su ɓata ba, ɓoye su aka yi, kuma suna dawowa idan aka share cutar aka umarci Windows ta nuna ɓoyayyun fayiloli. Saboda haka kada a yi saurin wanke filas ɗin gaba ɗaya. Wannan ne ya sa Smadav, 'yar ƙasar Indunusiya mai koren tambari, ta samu karɓuwa a shagunanmu, domin ta iya wannan aiki na tsabtace filas da fito da abin da aka ɓoye. Sai dai masu ita da kansu suna gabatar da ita ne a matsayin kariya ta biyu mai taimaka wa babba, kuma wanda ya kashe Defender ya dogara da ita kaɗai ya yi sakaci.

Ban da irin wannan mataimakiya da aka gina don zama tare da wata, kada a haɗa manyan antibairos biyu masu tsaro a lokaci guda, domin kowace za ta riƙa bincikar abin da ɗayar ta taɓa, na'ura ta yi nauyi, wani lokaci ma su tuhumi juna. Defender takan janye da kanta idan aka girka wata. A nan ne haɗarin manhajar gwaji yake, irin McAfee ko Norton da ke zuwa a kan sabuwar kwamfuta na ɗan wa'adi: idan wa'adin ya cika ba a biya ba, a cire ta ɗungurungum, a buɗe sashen tsaro na Windows a tabbatar Defender ta koma bakin aiki. Mai son jin ra'ayi na biyu yana iya ajiye Malwarebytes ta kyauta, wadda bayan kwanakin gwaji ba ta tsaro sai dai bincike idan an kira ta. Fayil guda da aka yi kokwanto a kansa kuwa ana iya ɗora shi a shafin VirusTotal, mallakar Google tun 2012, inda manhajoji masu yawa za su duba shi a lokaci ɗaya, amma ban da takardar sirri, domin abin da aka ɗora can masu bincike suna iya ganinsa.

Akwai wata ƙofa da babu antibairos da ke iya tsare ta, ita ce wadda mai kwamfuta yake buɗewa da hannunsa. Manhajojin sata, wato Office ko Photoshop ko wasannin da aka fasa makullinsu, kusan kullum suna zuwa da umarnin cewa a kashe antibairos kafin a girka, wai don kada ta yi kuskuren kamawa, kuma ta wannan hanya ce dangin cutar fansa da ake kira STOP ko Djvu suka fi shiga kwamfutocin talakawa a faɗin duniya. Abin mamaki ma shi ne antibairos ta kuɗi da aka fasa, wadda wasu masu gyara ke sakawa a matsayin kyautatawa ga mai ciniki, wato an ɗauko abin da ɓarawo ya taɓa an ba shi iko mafi girma a na'ura. Haka kuma shafin intanet da zai cika allo da ƙara yana cewa an gano bairos a kwamfutarka, latsa nan ko kira wannan lamba, ƙarya ce tsagwaronta, domin shafi ba ya iya binciken na'ura. A rufe burauzar kawai. Duk wadda za a sauke, a rubuta adireshin kamfaninta da hannu, kada a bi tallan da ke fitowa a saman sakamakon bincike.

Idan kuwa ƙaddara ta riga fata, fayiloli suka kullu, cire cutar ba ya buɗe su. Akwai shafin No More Ransom, wanda 'yan sandan Holan da hukumar Europol da wasu kamfanonin tsaro suka kafa a 2016, inda ake ajiye mabuɗan wasu nau'o'in cutar kyauta, kuma ya cancanci a gwada shi kafin a yi tunanin biyan ko sisi, sai dai ba kowane nau'i ne yake da mabuɗi ba. Abin da ke dawo da kundin digiri ko lissafin shago a irin wannan rana shi ne kwafin da aka ajiye a wani wuri, ko a ma'ajiyar intanet irin Google Drive da OneDrive, ko a faifan waje. Shi faifan wajen a riƙa zare shi da zarar an gama kwafa, domin cutar fansa tana kulle duk abin da ta tarar a jone da kwamfuta a lokacin da ta tashi.